Ba Mu da Teku, Amma Muna da Kogin Gaji

Wani dare a zangon karatun da ya wuce muna zaune a ɗakin abokina a Barnawa, an ɗauke wuta, zanen furojet ya gagara, sai kowa ya koma kan wayarsa. Can ɗaya daga cikinmu ya miƙo tasa ya ce, "Kai, ku zo ku ga wani abu." Bidiyo ne na giwaye suna tafiya a kan rairayin bakin teku, ruwa yana zuwa yana dukan ƙafafunsu yana komawa. A gandun dajin Loango aka ɗauka, a ƙasar Gabon, ɗaya daga cikin gandayen daji 13 da ƙasar ta keɓe a 2002. A can daji ya gangaro har bakin teku, shi ya sa ake ganin giwa da ɓauna a kan yashi, wani lokacin har dorina a cikin ruwan gishiri. Sau uku muka kalla. Da ya karɓi wayarsa sai ya ce, "Wannan harkar Turawa ce da masu dala. Mu namu a waya ne."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Shekarata 22, a Kakuri aka haife ni, a garin da aka ce daga kada ya samo sunansa, amma ban taɓa ganin naman daji yana yawo da 'yancinsa ba. Abin da na sani shi ne ƙadangare, da jaɓa, da birin da ake ɗaure wa igiya a ƙugu ana yawo da shi a kasuwa. Don haka da aka zo rabon kuɗin da ajinmu ya tara na bikin kammala karatu, ina cikin waɗanda suka dage cewa a ware wani abu a yi balaguro. An yi musu sosai, wasu suka ce walima da riguna sun fi. A ƙarshe mu 18 muka ƙara kuɗi daga aljihunmu, muka ɗauki shatar bas, muka tafi Yankari a watan Maris.

Na rubuta wannan ne don 'yan ajin da ke bayanmu, saboda na ga mutane da yawa suna zuwa irin wannan wuri su dawo suna cewa an cuce su, ba su ga komai ba. Yawanci dajin ba shi da laifi. Akwai abin da ya kamata mutum ya sani kafin ya shiga mota, kuma kusan duk ya ta'allaƙa ne a kan abu ɗaya, wato ruwa.

Gandun daji daban, gidan zu daban

Wanda ya taɓa zuwa gidan zu na Audu Bako a Kano ya san tsarin: ka biya, ka shiga, ga zaki a keji da sunansa a allo, ga kura a gaba. Dabbar tana jiranka domin ba ta da inda za ta je. A gandun daji abin a juye yake. An shata fili mai girma, an hana noma da kiwo da farauta da saran itace a ciki, an bar dabbobi su nemi abincinsu, su hayayyafa, su ci juna kamar yadda suka saba. Kai ne baƙo, kai ne a cikin mota, su kuma suna gidansu. In sun ga dama ka gan su, in ba su ga dama ba ka dawo gobe.

Wannan tsari ya samo asali ne daga Amurka, inda aka keɓe Yellowstone a 1872. A Nijeriya gwamnatin tarayya ta daɗe tana riƙe da manyan gandaye bakwai: Tafkin Kainji, Gashaka-Gumti wanda ya fi duka girma, Yankin Tafkin Chadi, Tsohon Oyo, Okomu, Kuros Riba, da Kamuku na nan jiharmu. A 2020 aka amince da ƙarin goma, ciki har da Falgore a Kano, da fadamun Haɗejiya, da wasu biyu a Bayelsa can kusa da teku.

Shi Yankari labarinsa daban ne. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe shi a 1956, wato shekarar da aka kafa makarantar koyon sana'a da ta zama wannan kwaleji tamu. Sa'annin juna ne ke nan. An buɗe shi ga masu ziyara a watan Disamba na 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya, sannan a 2006 aka mayar wa gwamnatin Jihar Bauchi, ita ke riƙe da shi har yau. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kuma babu katanga ko waya da ta zagaye shi. A ciki an ƙidaya dabbobi masu shayarwa sama da iri 50 da tsuntsaye sama da iri 350. Ka riƙe wannan faɗin a ranka, domin shi ne dalilin da ya sa neman giwa a ciki ba tare da sani ba ya zama kamar neman allura a cikin rairayi.

Ruwa ne ke tara su

Abin da ya burge mu a bidiyon Gabon, in ka duba da kyau, ba tekun ba ne kaɗai. Bakin ruwa ne, inda fili ya buɗe, dabba ta fito daga duhuwa ido ya gan ta. Mu nan arewa ba mu da teku. Gaɓar tekun Nijeriya mai tsawon kimanin kilomita 850 tana can kudu, kwana guda a mota daga Kaduna. Amma Yankari yana da Kogin Gaji, wanda ya ratsa tsakiyar dajin, kuma aikin da bakin teku ke yi a can shi Gaji ke yi a nan.

Ga yadda abin yake. Da damina, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ko'ina a dajin akwai kududdufi da tafki, ciyawa ta fi mutum tsawo. Dabbobi sun bazu domin kowa yana da abin ci da abin sha a inda yake. Ko garken ɓauna ne a gefen hanya, za ka iya wucewa ba ka gan su ba. Daga Disamba kuwa, iskar hunturu ta busar da ciyawa, itatuwa irin su marke da taura sun zubar da ganye, kududdufai sun ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Kafin a kai Maris da Afrilu, ruwan da ya rage mai yawa shi ne na Gaji da maɓuɓɓugan da ke ciyar da shi. Giwa babba tana iya cin abin da ya kai kilo 150 na ganye da ɓawo da ciyawa a rana, ta kuma sha ruwa sama da lita 100. Dabbar da ke da irin wannan buƙata ba za ta yi nisa da kogi ba. Haka ɓauna, haka gwambaza wanda shi dama ba ya rabuwa da bakin ruwa. Inda masu cin ciyawa suka taru kuma, masu cin nama ba sa nisa.

Ma'ana, lokacin da mu muka fi ƙin tafiya, lokacin zafin nan da ko fanka ba ta magani, shi ne lokacin da dajin ya fi nuna abin da ke cikinsa. Wanda ya je a Agusta zai ga kore shar, zai yi hotuna masu kyau, amma kada ya yi mamaki in ya dawo da labarin birai kaɗai.

Haka kuma a cikin yini ɗaya akwai lokaci. Da sassafe, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, dabbobi suna kiwo. Da rana ta take sai kowa ya nemi inuwa ya lafe. Daga la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana sai su sake motsi, su gangaro shan ruwa. Shi ya sa fita kallo sau biyu ake yi, safe da yamma. Wanda ya yi barci har ƙarfe goma ya riga ya yi asarar rabin kuɗinsa.

Hanya

Da asuba muka tashi daga Barnawa, muka haye gadar Kogin Kaduna gari bai waye ba, muka bi ta Kawo zuwa Mararrabar Jos. Daga nan Pambeguwa, Saminaka, sai hawan dutse zuwa Jos, sai gangara zuwa Bauchi. Daga Bauchi ana bin hanyar Gombe ne har Dindima, a nan ake karya kwana zuwa ƙofar shiga da ke Mainamaji, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Mutane da yawa suna zaton da sun kai ƙofa sun iso. Ba haka ba ne, akwai sauran kimanin kilomita 40 a cikin daji kafin sansanin Wikki, inda masauki yake. Bas ɗinmu ta yi faci sau ɗaya, muka ɓata kusan awa guda, don haka rana ta kusa faɗuwa muka shiga. Duk mai shirin zuwa ya ɗauka yini guda cur na hanya ne, kuma ya lissafa kwana biyu a ciki, ba ɗaya ba. Zan faɗi dalili.

Fitar farko

Washegari da sassafe muka hau buɗaɗɗiyar motar kallo tare da jagora, wani dattijo ma'aikacin gandun. Ba a shiga dajin sai da jagora, kuma wannan doka ce mai kyau. Mun fita da hayaniya irin ta 'yan makaranta, wani ya kunna waƙa a waya, 'yan mata suna ta hoto. Dattijon bai ce komai ba sai da muka yi nisa kaɗan, sannan ya sa direba ya tsaya.

Ya ce, "'Ya'yana, me kuka zo gani?"

Muka haɗa baki, "Giwa, Baba! Da zaki!"

Ya ce, "To ita giwar ta ji ku tun kuna sansani. Ku kashe wannan abin, ku rage murya. In kun ga wani abu, ku nuna da hannu."

Mun yi shiru, amma a wannan fitar ba mu ga giwa ba. Mun ga gwambaza guda huɗu a fadama, gashinsu buzu-buzu, sun tsaya cak suna kallonmu. Mun ga mazo, ja mai zanen fari a jiki, ya tsallaka hanya kamar walƙiya. Mun ga zabin daji garke guda, da burtu guda biyu suna takawa a ƙasa da jan maƙogwaronsu, shi burtun da mafarautan da suke ɗaura kansa a goshi don su yaudari dabbobi. A bakin ruwa kuma Baba ya nuna mana abin da muka ɗauka gungumen itace ne, ashe kada ne yana shan hantsi. Duk da haka, da muka dawo wasu suna ta gunaguni. Wata 'yar ajinmu ta ce, "Yanzu fisabilillahi barewa muka baro Kaduna mu zo gani?"

A fitar yamma ne na fara gane aikin jagora. Mu muna duban nesa, shi yana duban ƙasa. Ya tsayar da mota ya nuna mana sawu, faɗinsa kamar faranti. Ya nuna kashin giwa, ya ce mu lura: in ya bushe ya yi fari-fari, ya kwana biyu, in da danshi, ƙudaje da buzuzu suna kai, to ba su daɗe da wucewa ba. Ya nuna reshen da aka karya, wurin karayar fari tas, ruwan itacen bai bushe ba. Sannan ya ɗebi ƙura ya sake ta a hankali don ya ga inda iska ta nufa. Ya ce giwa ba ta da ƙarfin gani sosai, amma hancinta da kunnenta babu wasa. In iska tana tahowa daga wurinka zuwa wurinta, ta san da kai tun kafin ka san da ita. Ranar nan ma sawu kawai muka gani.

Sai a yammacin rana ta biyu, muna kan hanyar dawowa har mun fid da rai, Baba ya ɗaga hannu. Da farko ƙarar karyewar itace muka ji. Can sai wani abu toka-toka ya motsa a bayan bishiyoyi, sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya za su gangara ruwa. Na ƙirga tara, da ƙanana biyu a tsakiya. Babbar da ke gaba ta tsaya, ta juyo, ta buɗe kunnuwa. Baba ya ce a hankali, "Kada wanda ya motsa. Uwar garke ce." A wurin giwaye tsohuwar mace ce ke jan garke, ita ta san inda ruwa yake a shekarar fari, ita ke yanke shawarar a tsaya ko a gudu. Manyan toraye yawanci su kaɗai suke yawo. Mun yi kamar minti goma babu mai tari. Wallahi ban ma tuna da waya ba sai da suka juya baya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tafiyarsu ba ta da ƙara, dabba mai wannan nauyi tana taka ƙasa kamar mai sanɗa. Ita mai maganar barewa kuwa, da muka waiwaya hawaye take sharewa.

Zaki dai ba mu gani ba, kuma kada kowa ya sa rai da yawa. Wani bincike da aka fitar a 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma kimanin 400 ne, a Nijeriya kuma a wuri biyu kaɗai aka same su, Kainji da Yankari. Baba ya ce shi kansa ya fi jin rurinsu da dare a kan ganinsu.

Wikki da 'yan fashin sansani

Tsakanin fitar safe da ta yamma, wurin zuwa shi ne maɓuɓɓugar Wikki, ƙasa kaɗan da masauki. Ruwa ne ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse, garai-garai har kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Dalili shi ne ruwan sama yana nutsewa ta cikin dutse mai tsotse ruwa, ya yi nisa a ƙarƙashin ƙasa inda ake da ɗumi, sannan ya fito, don haka yanayin sama bai dame shi ba. An ƙiyasta yana fitar da lita miliyan 21 a kullum, ya bi ta wani kwari mai tsawon kimanin mita 200 da ake wanka a ciki, ya gangara Gaji. Ka ga ke nan ruwan da muka yi iyo a ciki da rana, shi ne giwaye suka sha da yamma. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya daga ƙasa inda ruwan bai da zurfi, domin wajen bakin dutsen yana shanye mutum.

Akwai kuma ɗan gidan tarihi a sansanin, inda aka ajiye ƙasusuwa da fatu da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga mafarauta. In da lokaci, a nemi jagora ya kai mutum Kogunan Marshall, wato ɗakuna 59 da mutanen da suka fafe a jikin dutse, waɗanda aka ce a ciki suke ɓuya lokacin hare-haren neman bayi. Wannan ya nuna cewa dajin da muke gani babu kowa, a da akwai mutane a cikinsa.

Sai kuma gwaggon birai. Waɗannan ba sai ka nema ba, su za su neme ka. Sun san leda, sun san jaka, sun san ƙofar da ba a kulle ba. Wakilin ajinmu ya fito da burodi biyu a leda zai kai wa 'yan mata, kafin ya yi taku goma wani ƙato ya fizge, ya hau rufin ɗaki, ya zauna yana ci yana kallonsa. Mun yi dariya har da faɗuwa, amma abin yana da darasi. Baƙi ne suka koya musu, da ba su abinci don a yi hoto. Birin da ya saba karɓa, ran da aka hana shi ƙwace zai yi, kuma haƙoransa sun kai na kare. Mugun dawa ma suna nan suna kiwo a tsakanin ɗakuna, sun durƙusa a kan gwiwa. A bar su, kada a taɓa.

Wanda ke biyan kuɗin giwa

Da dare na zauna da Baba a bakin masauki na tambaye shi, "Baba, su mutanen ƙauyukan da ke kewaye, suna son giwayen nan kuwa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, kai ka gan ta minti goma ka ji daɗi. Shi manomi da ta shiga masa gona dare ɗaya, abincin shekara ya tafi."

Wannan shi ne ɓangaren da ba ya fitowa a hoto. Tunda babu shinge, da damina giwaye sukan fita su afka wa masara da dawa da gyaɗa, musamman dab da girbi. Makiyaya kuma suna matsowa da shanu saboda burtali da makiyaya sun ƙare a waje. Ga mafarauta masu neman nama, ga masu neman haure, duk da cewa an haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989. Giwayen Yankari, waɗanda suna cikin garke mafi girma da ya rage a ƙasar nan, ana ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150 ne kawai. Giwa kuwa wata 22 take ɗaukar ciki ta haifi ɗa guda. In aka kashe goma a shekara ɗaya, mayar da gurbinsu aikin shekaru ne.

Masu gadin daji su ne a tsakiya. Suna kwana da kwanaki a ciki suna sintiri a ƙafa, kuma akwai waɗanda suka rasa rayukansu a hannun mafarauta. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta yi shekaru tana aiki da gwamnatin Bauchi a wurin, kuma an sanya wa wasu giwaye abin wuya mai na'ura da ke nuna inda garke yake, don a gargaɗi ƙauye kafin su iso. Akwai ma dabarar da aka fara gwadawa a Kenya, ta jera amya a gefen gona, domin giwa da duk girmanta tana tsoron zuma. Manomi ya tsira da hatsinsa, ya kuma samu zumar sayarwa.

Kuma kada a ce abin da ya lalace ba ya gyaruwa. A Jamhuriyar Nijar, a yankin Kure kusa da Yamai, raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ragu har suka koma kimanin 50 a 1996. Da aka hana farautarsu, aka kuma sa mutanen ƙauyukan cikin harkar suna samun abin hannu daga baƙi, yau sun haura 600. Dabba tana tsira ne idan maƙwabcinta ya ga amfaninta. Kuɗin shiga da muka biya, da na jagora, da tsiren da muka saya a hanya, ƙanana ne, amma suna cikin wannan lissafi.

Namu na gida

A hanyar dawowa abin da ya dame ni shi ne, me ya sa sai da muka ratsa Filato muka shiga Bauchi? Muna da Kamuku a Birnin Gwari, murabba'in kilomita sama da 1,100, wanda ya zama gandun tarayya a 1999. Da lafiya, da safe za a je a dawo da yamma. Amma sama da shekara goma sunansa ya fi fitowa a labarin ɓarayin shanu da 'yan bindiga. Na tambayi 'yan ajinmu, babu ko mutum ɗaya da ya taɓa zuwa, wasu ma ba su san gandun daji ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dajin da baƙi suka daina zuwa, masu gadi suka yi ƙaranci, ba ya zama haka nan, wasu ne za su shige shi. Don haka maganar gandun daji maganar tsaro ce, ba ta yawon shaƙatawa kaɗai ba.

Da na dawo gida ina ba mahaifina labarin kadan da muka gani, sai ya ce, "Har Bauchi ka je ganin kada? Lokacin da na zo aikin masaƙa, masu wanki a bakin kogin nan da ido ɗaya suke wanki, ɗayan yana kan ruwa." Yau mai son ganin kada a Kaduna sai dai ya je lambun Gamji ya leƙa ta bayan shinge. Ni da nake karatun tsara birane a Barnawa, wannan ya taɓa ni. Muna zana unguwanni a takarda, muna koyon tazarar da ya kamata a bari tsakanin gini da kogi, amma a zahiri an cike fadama da gine-gine da bola, damina kuma ta zo ruwa ya bi mutane har ɗaka. Darasin Gaji shi ne darasin Kogin Kaduna: bakin ruwa wuri ne da rayuka da yawa suka dogara da shi, in aka cinye shi kowa zai ji a jikinsa.

Tun da na dawo nakan je bakin kogi da sassafe ranar Asabar, in zauna shiru kamar yadda Baba ya koya mana. Akwai balbela, akwai zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya yana jiran kifi, ga shamuwa in damina ta kusa. Da can ma suna nan, ni ne ban iya kallo ba.

Ga masu shirin zuwa

Ku sa tafiyar tsakanin Janairu da Afrilu, ku kwana biyu a ciki don ku samu fita uku ko huɗu. Ku tuntuɓi ofishin gandun tun da wuri a kan masauki da kuɗin shiga, ku tafi da katin makaranta da takarda daga sashenku, ku tambaya ko akwai rangwamen ɗalibai. Ku binciki halin tsaron hanya a satin da za ku tashi, ku sanar da hukumar makaranta da iyaye, kuma kada ku yi tafiyar dare ko da wane dalili. Ku duba tayoyin motar da idonku kafin ku biya shata.

Ku riƙi ruwan sha mai yawa, da hula, da takalmi rufaffe, da gidan sauro ko maganin shafawa. Ku sa kaya masu launin ƙasa, ku guji baƙi da shuɗi mai duhu, domin su ke jan ƙudan tsando, kuma cizonsa ba daɗi. Ku riƙe tsabar kuɗi, kada ku dogara da turawa ta waya a cikin daji. In akwai mai madubin hangen nesa, ku aro ko guda ɗaya ne, ku riƙa karɓa-karɓa. Kada a sauka daga mota sai jagora ya ce a sauka. Kada a jefar da leda ko roba. In an gama, ku haɗa ɗan abin da ya samu ku ba jagora, ya cancanta.

Shi abokin nan nawa mai cewa namu a waya ne, yana cikin mu 18 ɗin. Yanzu shi ke damun mutane da labarin uwar garke, har an fara gudunsa a kantin abinci. Ku 'yan aji ɗaya da za ku karɓe mu, ku fara tara kuɗinku tun yanzu, ko ɗari biyar-biyar ne a wata. Walima dare ɗaya ce. Allah ya sa mu gama lafiya, ya kuma kawo mana ranar da ɗaliban wannan makaranta za su shiga bas da safe su tafi Kamuku hankali kwance.